Batirin Laftof Ma Yana Da Hawan Jini

  Na ga saƙonninku a ƙasan rubutun makon jiya kan zazzaɓin yara, kuma in sha Allahu zan amsa waɗanda suka rage. Yau dai ku yi mini uzuri, zan ajiye sirinji da ma'aunin zafi, in kawo muku labarin wani majinyaci da ba ya kuka, ba ya tari, sai dai ki wayi gari ya kwanta. Ina nufin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yaranmu ke kira laftof.

Na san wata za ta ce, "Nas, ina ruwanmu da batir?" Da ruwanmu kuwa, uwargida. Tun daga 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, laftof ta shigo sahun kayan makaranta. Na san gidajen da uwa ta kwashe adashinta, wata ta sayar da 'yan kunnenta, don kada ɗanta ya je ɗakin jarrabawa yana lalube. Wasunmu kuma da ita muke lissafin sana'a ko karatun ƙaro ilimi. In batirin ya mutu, yawanci wajenki za a zo a ce, "Mama, sai an saya sabo."

Yadda na kashe nawa da gata

Shekara uku da suka wuce na ɗauki adashina na sayi laftof ta hannu, saboda wani kwas da nake yi ta intanet da kuma wannan rubutu da nake muku. Maigida ya haɗa mana ɗan sola a gida, don haka soket ɗin ɗakina ba ya rabuwa da wuta. Sai na jona ta na bar ta haka dare da rana. Ganin lamba 100 a kusurwar allo yana sanyaya mini rai, kamar in ga randa cike. In na dawo daga aikin dare kuwa, a kan katifa nake ɗora ta, in yi ta dannawa har barci ya sace ni, ita kuma tana nan jone tana huci.

Bayan bazara ta biyu sai na lura wurin nan da ake goga yatsa ya yi tauri, ba ya dannuwa da sauƙi. Murfin ma in na rufe ba ya zama daidai. Na ce ƙura ce, na share maganar.

Ranar da asiri ya tonu ita ce ranar jarrabawata ta ƙarshen zango. An kwana biyu ana hadari, sola bai samu rana ba, wutar gari kuma babu. Ina cikin tambaya ta tara inbata ya yi 'yar ƙararsa ya ɗauke. Ban damu ba, don allo yana nuna mini 100. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba kwamfutar ta mutu murus. Kafin a tayar da janareton maƙwabta lokaci ya ƙure. Sai da na jira wani zango, na sake biyan kuɗi.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Yana kwance bayanta muka ga batirin ya kumbura kamar fanke. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ƙoshi ne ya kashe shi." Na ce, "Malam, ai ban taɓa barinsa da yunwa ba." Ya yi dariya ya ce, "To ai shi ne matsalar." Gaskiya batirin dama ya sha jiki a hannun mai shi na farko, amma ni na ƙarasa shi. Sabon da na saya kuɗinsa ya isa cefanen gidana na kwanaki masu yawa. Daga nan na zauna na karanci abin, kamar yadda nake karantar kowace cuta da ta ba ni mamaki.

Me ke faruwa a cikin batirin?

Batirin da ke cikin laftof da wayar da ke hannunki yanzu, irin na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka yi aikinsa kyautar Nobel: John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Cikinsa kamar ɗaki biyu ne da 'yar ƙofa a tsakani. In kika sa caji, ƙwayoyin litiyam suna ƙaura daga ɗaki ɗaya zuwa ɗayan. In kina amfani da shi, suna komawa inda suka fito, kuma wannan komawar ce ke ba kwamfuta wuta.

Lokacin da allo ya nuna 100, an tura ƙwayoyin nan ɗaki guda iya abin da zai ɗauka, ƙarfin wutar kowane ɗan batir ya kai ƙololuwa, wajen bolt 4.2 a yawancinsu. A wannan matsayi sinadaran ciki suna cin juna a hankali, wasu ƙwayoyin suna maƙalewa ba sa sake motsi har abada. Kowace ƙwaya da ta maƙale, wani ɗan lokaci ne ya ragu daga daɗewar batirin. In abin ya yi nisa, iska takan taru a ciki, shi ne kumburin da na gani. In aka tsayar da caji a kashi 80 kuwa, ƙarfin yana tsayawa wajen bolt 4.0. A ido ragin ba shi da yawa, amma yana rage saurin lalacewar sosai.

A asibiti kullum muna gaya wa mata cewa hawan jini ba a rana ɗaya yake illa ba. Jinin kowa yakan hau in ya yi gudu ko ya fusata, sannan ya sauka. Wanda ke ɓata ƙoda da zuciya shi ne wanda ya hau ya zauna a sama wata da watanni, mai shi yana yawo yana cewa lafiyarsa ƙalau. Batir ma haka. Cika shi zuwa 100 ki cire ki yi aiki da shi ba wani abin tashin hankali ba ne. Barinsa a 100 mako bayan mako shi ke tsufar da shi. Kuma kamar mai hawan jini, lambar da ke kan allo ba ta gaya miki gaskiyar cikinsa. Nawa yana nuna 100, amma 100 ɗin tulun da ya koma kofi ne.

Abu na biyu shi ne zafi, kuma a nan ne mu 'yan Arewa ya kamata mu buɗe kunne. Kamfanin Apple ya ce yanayin da ya fi dacewa da na'urorinsa shi ne digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos, kuma zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. To ki tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'auni ke haura 40. Ki ƙara da katifa da ta toshe ramukan iskar da ke ƙasan kwamfutar, fankar ciki tana ta wahala. Cikar batir da zafi in suka haɗu, kamar mai hawan jini ne da ya dage da cin gishiri.

Tsofaffin maganganu biyu

Akwai maganar da muka gada, wai a bar batir ya mutu gaba ɗaya kafin a sa masa caji. Wannan shawara ta zamanin wani tsohon batir ce mai sinadarin nikel. Na litiyam ba ya son a kai shi sifili, musamman a bar shi a haka. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da kashi 80. Sa masa caji kaɗan-kaɗan ma ba ya cutar da shi, don ba yawan jonawa ake ƙirgawa ba. Abin da ake kira zagaye ɗaya shi ne ki cinye abin da ya kai cikar batir guda: rabi yau, rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan.

Ta biyu, wai in aka bar caja jone wuta za ta yi ta shiga har batir ya fashe. Kwamfuta mai lafiya da caja ta gari tana yanke cajin da kanta in ya cika. Illar tana zuwa ne daga zaman da yake yi a cike, kamar yadda na bayyana.

Inda ake saita shi

Windows kanta ba ta da maɓalli guda na kowa da kowa. Kowane kamfani da inda ya ajiye nasa, don haka ki fara duba sunan da ke jikin murfin. Zan rubuta kalmomin yadda za ki gan su a kan allo.

In Lenovo ce, ki buɗe manhajar Lenovo Vantage, ki shiga ɓangaren batir ki kunna Conservation Mode. A tsofaffin samfura yana tsayar da caji wajen kashi 60, a sababbi wajen kashi 80. Masu ThinkPad kuma suna iya zaɓar lambar da suke so da kansu.

In ASUS ce, manhajar MyASUS za ki buɗe. Da yawansu suna ba da zaɓi uku: 100 ko 80 ko 60. Wasu sababbin kuma maɓalli ɗaya ne mai tsayarwa a 80.

In Dell ce, ki duba Dell Power Manager ko MyDell. Akwai zaɓin Primarily AC Use na kwamfutar da ke yawan zama jone, akwai kuma Custom inda za ki faɗi inda caji zai fara da inda zai tsaya.

In HP ce irin ta ofis, wato EliteBook ko ProBook waɗanda suka cika kasuwanninmu na kayan hannu, saitin yana can cikin BIOS. Ana danna F10 daidai lokacin da kwamfuta ke tashi, a nemi Battery Health Manager, a zaɓi Maximize my battery health, wanda ke tsayar da caji a kashi 80. Shawarata a nan, ki sa wanda ya saba ya shiga miki. Wurin kamar kabad ɗin magani yake, wanda bai sani ba kada ya taɓa abin da ba a aike shi ba.

In MacBook ce, tun daga 2020 akwai Optimized Battery Charging. Yana koyon lokutan da kike amfani da kwamfutar, ya riƙe cajin a 80, ya ƙarasa cikawa dab da lokacin da kika saba cirewa.

Wadda tata ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada ta damu kanta. Ki dinga zare caja in kin ga ya kai wajen 80 ko 90, kuma kada ta kwana jone ba dalili.

Abu ɗaya kada ki manta: ki sanar da mutanen gida. Ranar da na saita tawa, ɗan yayata da ke zaune wurinmu ya rugo kicin yana cewa, "Anti, cajin ya tsaya a 80, ta sake lalacewa!" Har ya fara naɗe caja zai kai kasuwa. Da ban gida da an biya kuɗin gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

"To mu da ba mu da wuta fa?"

Na san wannan ce tambayar da za ta fi yawa a ƙasan rubutun nan, kuma tambaya ce mai kyau. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan dabara sun yi ta ne domin mai wutar da ba ta yankewa. Tsayar da caji a 80 yana nufin kin bar ɗaya bisa biyar na batirinki ba ki taɓa ba. In batirin na awa biyar ne, kin sadaukar da awa guda. A gidan da ake kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba, awa gudan nan ita ce aikin gidan yaro. Don haka ki duba wane gida ne naki.

In kina da sola ko inbata, ko unguwarku na samun wuta sosai, kuma kwamfutar kusan kullum a kan tebur take jone, ke aka yi wa wannan saiti. Ki sa 80. In ba ta fita ko'ina ma, 60 ya fi.

In wutarku ta leƙo-ta-koma ce, ki cika batirinki zuwa 100 hankali kwance. Ai ba zai daɗe a cike ba, da gari ya waye za a fara cinye shi. An sayi batir ne don ya yi aiki, kuma ba hikima ba ce a hana yaro karatu don a tsawaita ran batir. Ke abin da za ki kiyaye shi ne zafi, da kuma kada a dinga matse shi har ya mutu da kansa. In ya sauko wajen 20, a adana aiki a kashe.

In kuma ana tsaka-tsaki ne, sai ki bar shi a 80 ranakun yau da kullum, ki buɗe masa zuwa 100 daren da za a yi tafiya ko jarrabawa. A yawancinsu canzawar ba ta wuce minti ɗaya.

Akwai kuma kwamfutar da za a ajiye, misali yaro ya koma makarantar kwana. Kada a ajiye ta a cike, kada kuma a ajiye ta a mace. A bar cajin wajen rabi, a kashe ta gaba ɗaya, a sa ta inda ba zafi ba laima. In ajiyar ta yi tsawo, a ciro ta duk bayan wata shida a mayar da cajin rabi. Batirin da aka bari a sifili tsawon lokaci yana iya ƙin karɓar caji kwata-kwata.

Maganin zafi kuwa a hannunmu yake. A ɗora ta kan tebur ko faranti ko wani katako, ban da katifa da filo da darduma mai gashi. Kada a bar ta cikin mota a rana. Kada a sa ta cikin jaka tana kunne. Bayan hunturu a kai ta a hure mata ƙura.

Kafin ki biya kuɗin ta hannu

Da na san wannan da ban sayi tawa ido rufe ba. A yawancin kwamfutoci masu Windows, ki sa mai shago ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoto, kamar sakamakon gwajin jini. Lambobi biyu za ki duba: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau. In ta farko 50,000 ce ta biyu 30,000, to kashi 60 ya rage masa. Sai ki yi ciniki da sanin cewa kuɗin sabon batir na nan tafe. Mai gaskiya ba zai ƙi nuna miki ba. In ya fara kame-kame, ki ƙara gaba.

In ya riga ya kumbura

A nan zan mayar da hular aikina. Batirin da ya kumbura babu saitin da zai gyara shi, kuma yana iya kama wuta. Alamominsa su ne waɗanda na raina: wurin goga yatsa ko madannai sun ɗago, murfi ba ya rufuwa daidai, ƙasan kwamfutar ya yi tudu har tana rawa a kan tebur, ko wani wari na sinadari. Da kin ga ɗaya, ki zare caja, ki kashe ta, ki ɗauke ta daga ɗakin barci da hannun yara, ki kai a cire. Kada a danna shi, kada a huda shi wai don iska ta fita. Kada kuma a jefa shi bola, don mun san ana cinna wa bola wuta, kuma yara na tone-tone a wurin. Ki bar shi a hannun mai gyaran.

Allah Ya kiyaye, in wani ya ƙone, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Duk wadda ta taɓa riƙe yaro ana wanke masa ƙuna ta san dalilin da ya sa nake nanata wannan.

Wayar da ke hannunki

Duk abin da na faɗa ya shafe ta. iPhone 15 da waɗanda suka biyo bayanta suna da zaɓin tsayar da caji a 80. Wayoyin Samsung da yawa suna da kariyar batir mai tsayarwa a 85 ko 80, gwargwadon samfurin. Ki shiga saitin batir na taki ki duba. Sannan wannan ɗabi'a tamu ta sa waya a caji a tura ta ƙarƙashin filo, don Allah mu bar ta. Ni ma sai da na yi da gaske kafin na daina.

Batir dai dole ya tsufa, ko an lallaɓa shi ko ba a lallaɓa ba. Abin da muke nema shi ne ya kai yaro ya gama jarrabawarsa, ya kai mu lokacin da aljihu ya shirya. Sabon nawa yanzu ya shiga shekara ta biyu a kan 80, kuma duk bayan 'yan watanni nakan ciro rahoton nan in duba shi yadda nake duba katin awon mai ciki. Zuwa yanzu alhamdu lillahi.

Yau da daddare, in yara sun gama aikinsu, ki karɓi kwamfutar ki duba sunanta, ki shafa ƙasanta ki ji ko ya yi tudu. Ki rubuto mini a ƙasa wace iri ce taku, awa nawa kuke samun wuta a rana, kuma kin samu saitin ko ba ki samu ba. Waɗanda suka gwada su taimaka wa 'yan uwa da amsa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan tambayoyinku na zazzaɓin yara. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke kashewa a kansu.